Ta ajiye maganin awo, ta koma shan ruwan bitamin na gora

Assalamu alaikum Inna. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Birnin Kebbi. Maiɗakina na da cikin fari, wata biyar. Tun da anka fara ba ta maganin ƙarin jini wurin awo take kukan yana tayar mata da zuciya, yana sa ta taurin bayan gida, har ta aje shi. Sai yayarta ta zo daga Abuja da wani ruwa na gora mai kala-kala, wani ja, wani ruwan lemu, an rubuta bitamin iri-iri a jikinsa. Ta ce shi matan can ke sha, ya fi ƙwayoyin asibiti. Da wanda ta kawo ya ƙare sai ni na ɗauka da saye a wani babban shago, gora guda naira 1,200. Yanzu Hajiyarmu ma, da ke da ciwon suga, ta ɗanɗana ta ce yana ba ta ƙarfi, ita ma kullum sai an kai mata guda. Inna, albashina ba ya ɗauka. Ranar da na ce a rage, maiɗakina ta yi ta kuka, ta ce na fi son kuɗina da ita da abin da ke cikinta. Shin wanga ruwa na da amfanin da ake faɗi? In babu, ƙaƙa zan yi in faɗa ba tare da an ce mini marowaci ba?

Ɗanki, daga Birnin Kebbi.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya ba Hajiya sauƙi.

Ka tambaye ni batun ruwa da batun kuɗi, amma wurin da na tsaya a wasiƙarka shi ne inda ka ce ta ajiye maganin awo. Ka faɗe shi ka wuce kamar ba komai ba, ku duka gidan kun bar jaki kuna dukan taiki. Ko kyauta ake ba ku ruwan nan, ko kana da abin da za ka cika mata ɗaki da katan-katan ɗinsa, amsata ɗaya ce: ba ya tsaya mata a madadin jan maganin nan, ko kusa.

Mace in ta ɗauki ciki, jinin jikinta ƙaruwa yake da kusan rabi, domin da shi za ta ciyar da kanta da mahaifa da jariri. Jiki kuwa ba ya iya haɗa jan jini sai da sinadarin ƙarfe, kuma abin da mai ciki ke buƙata ya fi wanda tuwo da miyar yawancin gidajenmu ke bayarwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum, tare da maikirogiram 400 na folik asid. Su ne jar ƙwayar nan da 'yar ƙaramar rawayar da ake ƙunso wa mata a leda ranar awo. Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, guda 58 na da ƙarancin jini. Wato mata da yawa da ƙarancinsu suke shiga cikin tun farko. Wadda jininta ya yi ƙasa, zubar jinin da wata za ta jure a kan gwiwa ita yana iya kayar da ita, kuma zubar jini bayan haihuwa na sahun gaba cikin abin da ke kashe mata a wurin haihuwa. Jaririn ma yakan zo kafin lokaci ko ya zo ba nauyi. Wata biyar kuke, akwai sauran lokacin gyara, amma kowane mako da ya wuce ba ta sha ba asara ce.

Yanzu ɗauko gora ɗaya ka juya bayanta, inda aka yi ƙananan rubutun da ba kowa ke karantawa ba. Nemi kalmar Iron, shi ne ƙarfen da nake magana. A galibin irin wannan ruwa ba za ka same ta ba sam, in ma ka samu ɗan mitsitsi ne. Da dalili: ƙarfe na da ɗanɗanon tsatsa, yana kuma ɓata kalar abin sha, shi kuwa mai kamfani zaƙi da kala yake sayarwa. Abin da za ka tarar a jere shi ne bitamin C da 'yan gidan B, irin su B3, B5, B6 da B12. Daga nan gangara zuwa layin da aka rubuta Sugars. A nan akwai 'yar dabarar da ke rufe idon mai saye: sau da yawa adadin da aka rubuta na mililita 100 ne kawai, gorar kuwa 500 ce. Sai ka ninka shi sau biyar, abin da ka samu ka raba huɗu, domin cokalin shayi ɗaya na sukari giram huɗu ne. In ka ga an rubuta 5, to giram 25 ke cikin gorar, cokali shida da ɗoriya ke nan. Samo kofin gilashi da ruwa, ka zuba sukari cokali shida ɗaya bayan ɗaya, ka dubi tudun da ya kwanta a ƙasa kafin ka motsa. In lissafin gorarku ya ba da haka, to abin da ake kai wa Hajiya kullum ke nan.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a wuni ga babban mutum, in so samu ne ma a tsaya a 25. Gora ɗaya ta cinye wannan ƙaramin kason, ba a zo kan na shayin safe da na koko ba. Gaskiya ne bai kai lemon kwalba zaƙi ba, wanda shi yakan kai giram 10 a kowace mililita 100. Amma lemon kwalba kowa ya san lemo ne, ba wanda ke sha da niyyar magani.

Su bitamin ɗin fa? Na gaskiya ne, ba zan ce ƙarya aka rubuta ba. Sai dai C da yawancin 'yan B masu narkewa ne a ruwa: jiki ya ɗebi abin da yake so a ranar, ƙoda ta tace sauran ta zubar a fitsari. Wanda ke cin wake, gyaɗa, gero, kifi, ƙwai ko ɗan nama yana samun B ɗinsa, ƙari a kai ba ya ƙara masa kuzari. Mai ciki na buƙatar kimanin miligiram 85 na bitamin C a wuni. Lemon zaƙi ɗaya matsakaici na da kusan 70, gwaba ɗaya mai kyau ta wuce abin da ake nema gaba ɗaya, kuma tana zuwa da ɓawo da tsoka masu sassauta bayan gida, abin da maiɗakinka ke kuka da shi. Ga kuma wani abu: bitamin C ba ya shiri da zafi da haske. Ka san ranar Birnin Kebbi a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40. Katan ɗin da ya yini a bayan mota daga Legas, ya zo aka jibge shi a bakin shago rana na dukansa, abin da ya rage a cikinsa ba lallai ya kai abin da aka rubuta ba. Sukarin ne dai ba abin da ke samunsa.

Can inda aka ƙirƙiro shi ma an sha wannan gardamar. Wanda ya fi suna a irinsu shi ne Vitaminwater na Amurka, wanda kamfanin Coca-Cola ya saye masu yin sa a 2007 a kan dala biliyan 4.1. Ba a zuba irin wannan kuɗi sai inda riba ke da kauri. A 2009 wata ƙungiyar kare masu sayen abinci, CSPI, ta kai kamfanin kotu a kan cewa yana tallar ruwan sukari da sunan lafiya. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne kariyar da lauyoyin kamfanin suka kawo: wai ai ba mai hankalin da zai ɗauka abin shan nan na ƙarin lafiya ne. Daga baya aka sasanta, kamfanin ya yarda zai bayyana a jikin gorar cewa an sa kayan zaƙi. A Ingila ma, a 2011, hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta hana wata tallarsa da ta kira shi mai gina jiki, saboda gorar mililita 500 na ɗauke da sukari kusan giram 23. Wanda kuke saye ko shi ne ko wani mai kwaikwayonsa, girkin ɗaya ne: ruwa, zaƙi, ƙamshi, kala, da bitamin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Na ce bai taka kara ya karya ba domin ka riga kana sayensa ba ka sani ba. Tun 2002 doka ta tilasta a sa bitamin A cikin man girki, sukari da fulawar da ake sarrafawa a ƙasar nan, fulawar har da ƙarfe da wasu 'yan B. Alamar ido da kake gani a jikin buhu ko galan ita ke nuna haka. Da abin mai tsada ne, da ba a iya zuba shi a kowane buhun fulawa ba.

Lissafinka kuwa ba sai na daɗe a kai ba. Gora biyu a wuni naira 2,400, a wata 72,000. Ya zarce mafi ƙarancin albashin ƙasa da aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000. Ba rowa ba ce ka ji abin ya yi maka nauyi.

Amma zan tsaya wa 'yata a wuri guda, ka saurare ni da kyau. Kukanta na gaskiya ne. Jan maganin nan yana tayar da zuciya, yana ɗaure ciki, wasu har ƙarnin ƙarfe suke ji a baki yini guda. Mai ciki da yawa kuma ruwa zalla ba ya shigar mata, ta sha ta ji kamar za ta dawo da shi, ga zafin garinku. Ita ta samu abu mai sanyi mai ƙamshi da ya zauna mata a ciki, 'yar'uwarta da ta yarda da ita ta ce mata magani ne, ta saki jiki cewa tana yi wa ɗanta abin da ya dace. Sai kai ka zo, ba ka tambaye ta yadda take kwana da ƙwannafi ba, ka fara da "a rage". Cikin fari ne, tsoro ne fal a ranta ko ba ta faɗa ba. Abin da kunnenta ya jiye mata shi ne an yi wa lafiyarta kuɗi an ga ta yi tsada. Ka yi gaskiya a lissafi, amma ta ƙofar da ka shigo dole a yi kuka.

Saboda haka ka ajiye maganar kuɗi gaba ɗaya, kada ka sake tayar da ita a wannan makon. Ranar awo mai zuwa ka nemi izini a wurin aiki ka kai ta da kanka, in ranar da nisa ku je kafin ta zo. Na san maza da yawa a wajenmu na jin nauyin zama a bencin awo cikin mata. Ka zauna a waje in ka so, amma ka shiga lokacin da za a gan ta. Ku tafi da gorar a hannu. Ku gaya wa malamar asibiti gaskiya cewa ta daina shan maganin, da tsawon lokacin da ta yi ba ta sha ba, ku roƙa a auna jininta, abin da suke kira PCV. Idan kuma haimogulobin suka auna, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, aka ga ya gaza 11, ƙarancin jini ne ga mai ciki. Maganar da kai za ka faɗa a kira ka marowaci, in ta fito daga bakin ungozoma da takardar awo a hannu, shawara ce. Kafin nan ma, yau da daddare ka kama hannunta ka duba tafinta, ka ɗan ja fatar idonta ta ƙasa. Cikin ya kamata ya zama ja sosai. In ka gan shi fari-fat, ko tana yawan jiri, ko tana haki daga ɗaki zuwa madafa, ko ta kama kwaɗayin tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa, kada ku jira ranar awo.

Wahalar maganin kuma tana da dabaru, ba a rasa wadda za ta yi mata. Maimakon da safe ciki ba komai, ta sha shi da daddare bayan ta ci abinci, dab da kwanciya, tashin zuciyar ya same ta tana barci. Kada ta kora shi da shayi, madara ko nono, domin suna hana ƙarfen shiga jini. A bar tazarar kamar awa biyu tsakani. Ta bi shi da lemon zaƙi ko gwaba, bitamin C na taimaka wa hanji ya zuƙi ƙarfen, nan ne amfaninsa na gaske yake a gare ta. Bayan gida zai yi baƙi, kada ta tsorata, haka yake yi wa mutane da yawa. Taurin cikin kuma ganye da ruwa ke sassauta shi: kwaɗon zogale, rama, alayyafo, gwanda, kankana. In duk an gwada abin ya ƙi, malaman asibiti na iya canza mata wani iri, akwai na ruwa, akwai kuma ƙwaya ɗaya mai haɗe da sinadarai 15 da wasu asibitoci suka fara bai wa masu ciki. Su za su zaɓa bayan sun ga jininta, ba mai kemis ba, ba kuma yaya ba.

Tunda kun je, ka tambaya ko an ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na masu ciki, wanda ake sha a gaban malamar asibiti daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata guda tsakani. Zazzaɓin nan na farfasa jan jini, kuma binciken ƙasa na 2021 ya sa Kebbi a kan gaba wajen yawansa, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada na ɗauke da shi. Ƙasar fadama da shinkafa ce, sauro ba ya hutu. Gidan sauro kowane dare, ko ana zafi.

Sai batun abin da zai maye gorar, domin in ka janye ta ka bar hannunta wayam, ka tabbatar mata da zarginta. Kuɗin nan dai a kanta za su ci gaba da tafiya, ta kuma gani da idonta. Ka shigo da kifi, ku da Allah Ya ba Argungu da Yawuri, da ƙwai, da ɗan nama ranar da hali ya yi, da ledar lemo da gwaba da sunanta. Rabin abin da kake kashewa ya yi wannan har da saura, sauran a tara don kayan haihuwa. Ruwan shanta kuma a gyara mata shi: tsabtatacce, mai sanyi daga randa ko firji, a matsa lemon tsami, ko a yanka kokwamba ko kankana a jefa a bar shi ya ɗauki ƙamshi. Ran da kwaɗayin gorar ya taso mata, sayo mata ɗaya da fara'a, ta sha a matsayin lemo. Ka dai duba kada ya zama mai sinadarin kafeyin irin na kofi a ciki, don wasu daga cikinsu, musamman masu cewa suna ƙara kuzari, ana sa musu.

Hajiya kuwa, nata ya fi gaggawa ta wata fuskar. Ƙarfin da take ji bayan ta sha, sukari ne ya hau. Sukarin da ke cikin abin sha ya fi na abinci saurin shiga jini, ba abin da ke tare shi. Mai ciwon suga da ke shan wannan kullum tana rusa aikin maganinta ne, kuma ɓarnar a hankali take bi ta ido, ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Kada ka ce mata "ki daina", uwa ba a yi mata haka. In kuna da na'urar gwajin suga a gida, ka gwada ta kafin ta sha, ka sake bayan awa ɗaya, ka nuna mata lambobin biyu ka yi shiru. Sannan ka bi kukanta na rashin ƙarfi, don shi ma ba banza ba: suga da ya hau na kawo kasala, kuma wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin, B12 ɗinsa kan ragu, ya riƙa jin gajiya da dindiris a ƙafa. Likitanta zai iya aunawa ya rubuta mata abin da ya dace. Akwai irin ruwan da ake rubuta wa Zero, mara sukari, wanda ba ya tayar da suga kamar wancan. In ta nace a ba ta shi jefi-jefi, amma kuɗin kala da ƙamshi kawai kake biya. Kuma kada in yi son kai: zoɓo da kunun zaƙi da furar da ake danƙara wa sukari a gidajenmu ba su fi gorar Abuja sauƙi a jikinta ba. In za a gyara, a gyara har da su.

Yayar maiɗakinka ka bar ta. Da kyakkyawar niyya ta ɗauko kaya tun daga Abuja, ita ma talla ce ta ci ta. Kada ka aibata ta a gaban ƙanwarta, kada kuma ka kai ƙara wurin surukai. In ta kira ta tambaya, maiɗakinka ta ce asibiti sun ce ta koma kan magani, shi ke nan.

Tsakanin yau da ranar da za ku je, ta koma shan jar ƙwayar da rawayar daga daren nan, in suna nan ba su lalace ba. Idan kuwa ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko zazzaɓi ya rufe ta, ku nufi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne.

Innarku.